Mai Kwalba da Muryar Halidu

Madawa, Talata 8 ga watan biyu, 1983, bayan azahar

Da ransa. Alhamdu lillahi, yayana Halidu da ransa.

Alƙasim direban kamiyo, babbar motar albasa, ya shigo bitik ɗina, shagon rediyo, ya aje kaset bisa tebur, an naɗe ta cikin tsumma. Ya ce wani ya ba shi a tashar Illela, a kai wa Surajo mai rediyo. Na ce wane ne wanin? Ya ce, "Ni albasa nika ɗauka, ba tambaya ba."

Tun da anka ce baƙi su bar Najeriya, duk 'yan ƙauyenmu da ke Ikko sun dawo, wani da katifa a ka, wani da wandon jikinshi kaɗai. Ban da Halidu. Wani daga cikin waɗanda sunka dawo ya ce ya gan shi ƙasa cikin turmutsutsu, bai ga tashinshi ba. Daga ranar Gogo, mahaifiyarmu, ta juya wa akushi baya can ƙauyenmu Tabotaki.

Na rufe ƙofa, na sa kaset a manyeto, na'urar juya kaset, na haɗa da sabon ampli mai ƙara sauti. Sai ga sallamarshi. Ya gaida Gogo, ya gaida matarshi Husaina, ya ce shina wani wuri ana kula da shi, in an sallame shi zai zo. Bai faɗi wurin ba. Abin da ya ce a bayan kaset nawa ne ni kaɗai, ba na wannan littafi ba.

Matata Balki ta same ni zaune ƙasa ina dariya. Ta ce, "Maigida, lahiya?" Na ce ɗora tukunya.

Laraba, da hantsi

Gobe sai Tabotaki. Sabon ampli za ni ɗauka, mai taransisto, wanda na sawo a Kwanni. Ranar irinshi ke nan. Ba ruwanshi da kuran, wutar lantarki, batirin mota ya ishe shi, kana taɓa maɓalli ya amsa, nauyinshi bai kai na kaza ba. Shekara guda ina faɗa wa mutane a kasuwa cewa wanda bai da irinshi bai shigo zamani ba, yanzu ga shi za shi ta da tsohuwa daga tabarma.

Juma'a, bayan la'asar

Na dawo. Ban san ta inda za ni fara ba, bari in fara da batir, don shi kaɗai bai ba ni kunya ba.

Na jera bafal biyu, manyan lasifika, ƙarƙashin itacen bedin gidanmu, ɗaya dama ɗaya hagu. Rabin gari ya taru. An fito da Gogo an jingina ta da bango. Yanar idonta ta ƙaru, kuma wuyanta... to. Husaina na bayan ƙofa. Kawu Takawa, ƙanen babanmu, ya zauna gaba da tasbaha kamar alƙali.

Na kunna. Mutane sunka yi kabbara tun ga sallama. Gogo ta karkata kai, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wanga wa na?"

Na ce, "Gogo, yaya ne."

Ba ta kiran sunanshi, ɗan farinta ne. Ta ce, "Wancan, muryarshi cikin ƙirji take. Wagga daga hanci take hitowa, ga iska na bin ta awa tsohuwar salka. Surajo, ka ji tsoron Allah."

Sai Kawu ya yi murmushin nan nashi. Ya ce, "Yaron da ke kwaikwayon kumandan cikin kasuwa har jandarma su ƙame, shi za ya kasa muryar ɗan uwanshi? Mun gode da tausai, ɗana. Amma ba a yi wa mutuwa wayo."

Na rantse. Na sake rantsuwa. Abin haushi, a kasuwa rantsuwata ta fi haka daɗi kuma ana saye. Waɗanda sunka yi kabbara ɗazu sunka fara kallon ƙasa. Wani ya ce shi ma dai ya ji kamar ba Halidu ba.

Na rage kaifin sauti in ba muryar kauri, sai ta koma kamar mai magana cikin tulu. Gogo ta ce a mai da ta ɗaki.

Asabar, da safe

Da ransa dai. Wannan ba mai karɓe mini shi.

Lahadi, bayan azahar

Balki ce ta tuna mini, tana tankaɗe. Ta ce, "Bara da Gogo ta zo maganin ido ta yi wata biyu nan, ai kullum sai ta sa an kunna mata kaset-kaset ɗin da yaya ya saba aikowa. A wane ampli take ji?"

Na aje cokali.

Mai kwalba. Tsohon amplin da na karɓa hannun wani Annasara malamin kwaleji da za shi koma gida. Tun da sabo ya zo na tura shi lungu, Balki ta shimfiɗa mishi zane ta jera kwanoninta bisa. Mu 'yan sana'a lampa muke ce wa kwalaben nan da ke ci da jar wuta a cikinshi, Gogo ce ta sa mishi mai kwalba. Takan zauna kusa da shi tana jin ɗumi, ta ce wancan ya shigo ɗaki.

Na jawo shi, ya kusa ɓalla mini baya. Na goge, na jira anka kawo kuran, na kunna. Lampa uku sunka yi ja. Ta huɗun, ɗaya daga manyan biyu, ta yi fari fat daga sama kamar an shafa mata alli. Iska ta shige ta. Ta mutu.

Balki ta ce, "Ba ka da wata?" Na ce mai sayar da zamani ina ya ga wata.

Talata, da hantsi

Mushe Sha'ibu, malamin lakwal, makarantar boko, ya zo karɓar rediyonshi, ya tarar da ni na kwance mai kwalba ciki waje. Mutum ne mai son gardama, ni ma ban ƙi ba, ta ɗauke mini hankali.

Ya ce ya karanta a wata jaridar Faransa, an auna, taransisto ya fi gaskiya. Abin da ke kan kaset shi yake fiddawa, ba ƙari ba ragi. Mai lampa kuwa ƙarya yake yi, shina ƙara wa sauti kitse.

Na ce, "Mushe, in ka je gaida maras lahiya, gaskiya kake faɗa mishi ko kitse kake ƙarawa?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai da ka sayar mini da taransisto bara, ka ce lampa kayan kakanni ne!"

Na ce bara ina saye da sayarwa ne, bana ina saurare.

Amma ya yi mini rana. Ya ce akwai wani Isiyaku a Keita, mai gyaran lasifikar masallaci da ta 'yan biki, ba ya zubar da komi, ko matacciyar lampa sai ya aje.

Da ya fita na sake sa kaset a sabon ampli. Mushe bai yi ƙarya ba, ba abin da yake ɓoyewa. Ana jin hucin kaset. Ana jin ƙarar tasa ta ƙarfe can baya, da wani mutum da ke nishi. Ana jin inda anka tsai da naɗi anka sake tayarwa. Kuma duk inda yaya ya zo kan "sannu" ko "sallama", iska na kuɓuce mishi. Da ba haka yake ba.

Ban rubuta abin da nike tunani ba.

Alhamis, magariba

Saƙo daga Tabotaki. Kawu ya ce ba za a bar Husaina rataye ba, ba matar aure ba ba mai takaba ba. Juma'a ta sama za a yi addu'a a raba gumba, ta shiga takaba. Gogo kuwa har yanzu ba ta taɓa akushi ba. Ruwa kaɗai take karɓa, sai an matsa ta kurɓi kunu.

Za a yi wa mai rai sadaka saboda ni na iya kwaikwayon kumandan.

Asabar, Keita, bayan la'asar

Ina rubutu bisa buhun wake a tasha, ina jiran motar komawa.

Isiyaku dattijo ne mai ido guda da baki goma. Rumfarshi kamar makabartar rediyo. Na nuna mishi matacciyar lampa, ya ɗaga ta ga rana ya ce, "Allah ya ji ƙanta, ta yi aiki." Ya ce ya ji labarina, ni ne na Madawa mai cewa taransisto ya kashe lampa. Na ce sharrin maƙiya ne. Ya ce, "To mi ya kawo mai motar hawa gidan jaki?"

Na so in yi mishi dabarar kasuwa, in nuna ba ta dame ni ba. Sai na ji bakina ya faɗa mishi gaskiya, ban san ya anka yi ba. Sai ya jawo wata tsohuwar kwalla, ya kwance tsummoki, ya fiddo lampa biyu iri ɗaya.

Ya ce, "Ba a canza guda. Su biyun nan tare suke ja, kamar shanun huɗa. In ɗaya sabuwa ɗaya tsohuwa, murya ta karkace." Ya ce in bar amplin ya yi zafi sosai kafin in sa kaset, kada in yi mishi gaggawar 'yan zamani. Ya ce taransisto in ka matsa mishi sai ya yi tsawa, lampa in ka matsa mata sai ta yi kauri, shi ya sa ladanai ke son ta.

Bai karɓi komi ba sai ƙarfen sudir ɗina, na liƙa waya da dalma, da ya gani cikin jaka. Ya ce in tsohuwa ta ci tuwo in aiko mishi da labari.

Na naɗe su cikin hulata, hular cikin riga. Duk ramin da mota za ta faɗa, hannuna na bisa rigar.

Litinin, bayan an kawo kuran

Sun kama. Huɗu duka ja, ɗakin ya ɗauki ƙanshin nan na ƙarfe mai zafi.

Na yi abin da ban taɓa yi ba tun da nike sana'a. Kaset ɗaya, manyeto ɗaya, bafal ɗaya, na riƙa cire waya daga wanga ampli ina sa wa wancan. Na sa Balki ta juya baya.

A sabo ta ce, "Yaya ne, amma kamar daga bakin rijiya."

Sai na mai da waya ga mai kwalba. Ta sa gefen zane ga ido.

Ga abin da kunnena ya ba ni. Mai kwalba na da ɗan gurnani nashi tun kafin magana ta fara, kuma ba ya kai sabo ƙarfi. Amma hucin kaset ya kwanta, tasar nan ta ja baya, ƙasan muryar ya cika. Iskar da ke kuɓuce wa yaya tana nan, sai dai ba ita ke gaba ba. A sabo raunin kake fara ji kafin mutumin. A tsoho mutumin kake fara ji.

Wane ne mai gaskiya cikinsu? Su je su tambayi Mushe. Ni na ji yayana cikin ɗakina, na ci tuwo malmala biyu.

Talata, da asuba

Tabotaki ba kuran. Mai kwalba ba ya cin batir. Sai yanzu na tuna, ni mai wayo.

Laraba, Tabotaki, bayan azahar

Tunda mai kwalba ba ya zuwa, na zo ɗaukar tsohuwa. Alƙasim ya yarda ya ratso da kamiyo gobe da safe, ya ba ta kujerar gaba.

Kawu ya ce in na kashe ta bisa hanya, ni da Allah. Gogo ta ce ba inda za ta, ta gaji da wasan yara. Na durƙusa na yi magana mai daɗi, irin wadda ke sa Bafillace ya sayi rediyo bai da pil, batirin da za ya sa mata. Ko gezau.

Sai Husaina ta fito. Tun da anka kawo ta gidan nan ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban Gogo ba. Ta durƙusa ta ce, "Gogo, ni na ji, kuma na san shi ne. Amma maganata ba ta da nauyi, za a ce son zuciya ne. Jibi za a sa ni takabar mutum mai rai. In kin je kin ji kin ce ba shi ba ne, wallahi da hannuna za ni kwance kitso."

Gogo ta juya wajen muryarta. Sannan ta ce, "A ɗauko mini mayahina. In ƙarya ce, Surajo, kada ka zo jana'izata."

Na ce na yarda. Kawu ya ce shi ma za shi, a yi ta gabanshi. Bayan kamiyo za shi hau, bisa albasa. Allah ya gafarta mini, na ji daɗi.

Alhamis, bayan magariba

Bari in bi shi daki-daki, don ina son in riƙa karantawa.

Mun iso da azahar, Gogo ta galabaita, Balki ta kwantar da ita. Kuran bai zo ba sai da rana ta yi ja, ni kuwa na fita na shiga har Kawu ya ce ko gudawa nike. Da ya zo na kunna mai kwalba na bar shi. Kawu ya ce, "To, mi ake jira?" Na ce sai ya yi zafi. Ya ce, "Ko sai ka gyara maƙogwaro?" Na ɗebi ruwa na cika bakina, na zauna gabanshi da kumatu kumbure, na nuna wa Balki maɓalli.

Gogo na zaune inda ta saba bara. Tun kafin a sa kaset ta miƙa hannu wajen ɗumin, ta ce, "Wanga na san shi."

Balki ta danna.

Sallama. Gaisuwa. "Gogo, ina gaishe ki, ina neman gafara."

Gogo ta karkata kai. Ni ruwa na bakina, ba halin haɗiyewa ba halin tofarwa. Ya gaida Husaina, Husaina ta sunkuyar da kai. Ya ce in an sallame shi zai zo. Kaset ta ƙare, sai gurnanin ampli.

Gogo ta ce, "Mai da."

Anka mayar. Ta ƙara matsowa har na ji tsoron mayafinta ya taɓa lampa. Da ta ƙare ta ja tsaki ta ce, "Har yanzu bai bar saurin magana ba. Tun shina yaro nike hana shi."

Na haɗiye ruwan, ya sarƙe ni, na yi ta tari. Husaina ta ruga ɗakin Balki, muna jin kukanta da dariyarta haɗe.

Sai Gogo ta juyo inda take jin tarina, ta yi ƙasa da murya. "An taɓa mishi baki."

Na ce, "Gogo..."

Ta ce, "Ban tambaye ka ba. Mai haƙora da maras haƙora duk ɗiya na." Ta juya wajen ƙofa. "Balki! Wagga hura da nike jin ƙanshinta tun ɗazu, ta ado ce?"

Ta sha rabin ƙwarya. Na tsaya ina kallon maƙogwaronta na hawa da sauka kamar ban taɓa ganin mutum na shan fura ba.

Juma'a, bayan masallaci

Kawu ya koma da safe. Gumbar da anka daka don addu'a ya ce za a raba ta haka nan, sadakar godiya. Da za shi hau mota ya ce mini, "Ashe kana gaskiya wani bi." Na ce kada ya faɗa a kasuwa, ya ɓata mini suna.

Na ba direban Keita saƙo ga Isiyaku: ta ci.

Asabar, da hantsi

Na yi barci har rana ta haska mini ido. Ban buɗe bitik ba. Daga nan ina jin su tsakar gida, Gogo na yi wa Husaina faɗa kan gishiri.

Abin da ke bayan kaset na nan inda yake. Wata rana.

Litinin 28 ga wata, bayan la'asar

Alƙasim za shi Illela jibi, ya ce in da amsa shi kai wa mutumin tasha. Na sa sabuwar kaset a manyeto, na kai wa Gogo makirfo har tabarma. Na ce ta yi magana, yaya zai ji.

Ta riƙe shi kamar ludayi. Ta gyara murya. Sai ta ce, "Can inda shike, da wane iri za su kunna mishi? Mai kwalba?"

Na ce ina, Gogo. Irin wurin nan sai ɗan ƙaramin mai pil, taransisto.

"Irin wanda ka kai Tabotaki? Mai tonon asirin nan?"

Na ce ƙanenshi ne.

Ta miƙo mini makirfo. Ta ce, "Ɗauke. Ya ji ni haka, murya awa zare, ya ce mi ya sami tsohuwa? Ka ce wa direba ya tahi, sai zuwa na gaba. Balki, tuwon dawa za ki tuƙa yau, da miyar kuka da man shanu. Ki cika akushi."